Tiyatar ƙashin baya ta ƙaramin yanka: tambayoyin da masu ciwon baya suka fi yi

Duk wanda likita ya ce wa "sai an yi aiki a bayanka", gabansa sai ya faɗi. Tambayoyin da ke biyowa kusan iri ɗaya ne a bakin kowa: zan sake tafiya, yankan zai kai ina, ciwon zai tafi kuwa. Ga su nan an tattaro, daga masu sauƙi zuwa masu zurfi, don mutum ya shiga ɗakin likita da abin tambaya a hannunsa.

Mece ce tiyatar ƙaramin yanka, kuma me ya raba ta da wadda aka saba?

A tiyatar da aka saba, likita kan tsaga fata a tsakiyar baya, ya ɓamɓare tsoka daga jikin ƙashi, ya janye ta gefe da ƙarfe har a gama aiki. Wannan janyewar ce ke jawo yawancin zafin da ake ji bayan an farka, domin tsokar da aka danne na awa biyu ko uku takan kumbura, wani sashenta ma ya rame daga baya.

A ta ƙaramin yanka, hudar fatar ba ta cika wuce santimita 2 ba. Likita ya zura siririn bututu yana duba hoton eksire, ya ɗora wani mafi kauri a kansa, ya ƙara wani, tsokar tana rabewa a hankali kamar an raba labule da hannu. Bututun ƙarshe, mai faɗin milimita 16 zuwa 22, shi ake ɗaurewa a jikin gadon aiki, ta cikinsa ake leƙawa da madubin ƙara girma. Akwai kuma mai kyamara, wadda ake kira endoskop: hudar ba ta kai santimita 1 ba, ruwa na gudana yana wanke wurin, likita na kallon allon talabijin yana aiki.

Abin da ake yi wa jijiya a can ciki ɗaya ne a hanyoyin biyu. Hanyar isa wurin ce kawai ta canja, kuma yawancin amsoshin da ke ƙasa daga nan suka samo tushe.

Sabon abu ne? Ina tsoron a yi gwaji da ni.

Ta daɗe. A 1934 likitoci biyu a birnin Boston na Amurka, William Mixter da Joseph Barr, suka nuna cewa fashewar faifan baya na danne jijiya, kuma cire shi na kawo sauƙi. A 1975 Hijikata a Jafan ya zaƙulo cikin faifai ta bututu. A 1977 Gazi Yasargil da Wolfhard Caspar, kowa a nasa ɓangaren, suka shigo da madubin ƙara girma cikin aikin. Tsarin bututun da ake ɗora wani kan wani kuwa Kevin Foley da Maurice Smith suka fito da shi a 1997. Inda tsoronka ke da tushe shi ne ƙwarewar likitan da zai yi maka, kuma tambaya ta ƙarshe a wannan shafi ta yi magana a kai.

Mene ne wannan "faifan" da ake ta faɗa?

Ƙashin baya jerin ƙasusuwa ne 33: 7 a wuya, 12 a saitin ƙirji, 5 a ƙugu, sauran sun manne da juna a ƙasa. Tsakanin masu motsi akwai faifai, mai zobe mai tauri a waje da laushi a tsakiya, shi ke shanye nauyi da jijjiga. Idan zoben ya tsage, laushin ya bulluƙo ya taɓa jijiyar da ke wucewa ta gefensa, sai zafi ya taso daga ɗuwawu, ya bi bayan cinya, ya sauka har yatsun ƙafa, wani lokaci da sagewa ko jin kamar ana soka allurai. Tari ko atishawa kan tsananta shi. Mafi yawan wannan matsala a faifai biyu na can ƙasa take faruwa, waɗanda za ka gani a takardar hotonka an rubuta L4-L5 da L5-S1.

Bayana kawai ke ciwo, ba ya sauka ƙafa. Wannan tiyatar za ta yi mini magani?

A mafi yawan lokuta, a'a. Wannan ita ce amsar da ta fi kowace muhimmanci a nan, kuma ita ce mutane suka fi ƙin ji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a 2020, kuma kusan kashi 90 cikin 100 nasu ba a iya nuna wani abu guda a ce shi ne sanadi. Ciwon na gaske ne, yana hana barci yana hana nema, amma babu wani yanki da za a cire ko a ɗaure a ce an kawar da shi. Shi ya sa hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ce a 2016 kada a haɗe wa mutum ƙasusuwan baya don ciwon ƙugu zalla, sai dai a cikin bincike.

Tiyatar baya ta fi cin nasara idan akwai jijiyar da aka danne, kuma zafin ƙafa ne ya fi na baya. Mai irin wannan yakan farka daga aiki ya ji ƙafar ta yi sakayau, har ya riƙa motsa ta yana mamaki. Ciwon bayan kansa kuwa yana iya raguwa, yana iya zama yadda yake. Wanda ba a faɗa masa haka tun farko ba shi ne ke dawowa bayan wata shida yana cewa an cuce shi, alhali aikin ya yi abin da aka san yana yi.

Ga mai ciwon baya zalla, abin da ya fi amfani shi ne motsa jiki a kai a kai, atisayen da likitan fisiyo ya tsara, rage ƙiba idan akwai, gyara barci, da maganin zafi na ɗan lokaci. Doguwar kwanciya tana ƙara sandarar da baya.

Hoton MRI ya nuna faifaina ya bulluƙo. Shi ke nan sai aiki?

Hoto shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Wani nazari da aka buga a 2015, wanda ya tattara hotunan mutanen da ba su da ciwon baya ko kaɗan, ya samu faifai mai kumburi a kashi 30 cikin 100 na 'yan shekara 20, da kashi 84 na 'yan shekara 80. Wato yawancin abin da ake rubutawa a takardar hoto tamkar furfura ce: alamar shekaru. Abin da likita ke nema shi ne hoton ya dace da jikinka. Idan faifan ya danne jijiyar hagu a L5-S1, ya kamata zafin ya kasance a ƙafar hagu, yana bin bayan ƙafa zuwa dunduniya da gefen ƙaramin yatsa. In ba su dace ba, a ci gaba da bincike.

Wani abin da ba kowa ya sani ba: jiki na iya cinye ɓangaren da ya fito. Kusan biyu cikin uku na irin waɗannan faifan sukan janye da kansu cikin watanni, kuma manyan da suka ɓalle gaba ɗaya sun fi saurin narkewa.

To, har yaushe zan jira kafin in amince da aiki?

Idan babu alamomin gaggawa (duba tambaya ta gaba), akan ba magani da atisaye mako 6 zuwa 12, wani lokaci da allurar rage kumburi a kusa da jijiyar. Wani bincike na ƙasar Holan da aka buga a 2007 ya raba masu zafin ƙafa 283 gida biyu: an yi wa wasu aiki da wuri, aka bar wasu su jira. Waɗanda aka yi wa aiki sun riga samun sauƙi. Amma da shekara ta zagayo, kusan kashi 95 cikin 100 na kowane rukuni sun ce sun warke, ko da yake kashi 39 na masu jiran sai da aka yi musu aikin a hanya.

Abin da aikin ke saya maka, a wannan yanayi, lokaci ne. Wanda zafi ya hana shi barci da fita wata uku yana da hujjar karɓa. Wanda ciwonsa ke ja da baya mako bayan mako yana da hujjar ƙara haƙuri.

Waɗanne alamomi ne ba a jira da su?

Kasa yin fitsari ko zubarsa ba tare da sani ba, kasa riƙe bayan gida, sagewa a tsakanin cinyoyi da al'aura da dubura, ko rauni a ƙafafu biyu lokaci guda. Waɗannan na nuna an matse tarin jijiyoyin da ke ƙasan laka (babbar igiyar jijiya da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa ta cikin ƙashin baya), kuma ana so a yi aiki cikin awa 24 zuwa 48. A tafi asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne. Kunyar faɗin cewa mutum ba ya jin taɓawa idan yana tsarki ta sa wasu sun rasa ikon mafitsara har abada, don haka a faɗa wa likita ƙarara.

Haka nan ƙafar da ke ƙara mutuwa kullum, irin wadda silifa ke zamewa daga gare ta ko yatsu ke jan ƙasa. Ciwon baya mai haɗe da zazzaɓi, gumin dare da rama, ko wanda ya zo wa mai tarihin ciwon daji, ko bayan faɗuwa ko hatsari, shi ma yana buƙatar bincike cikin sauri. Tarin fuka na iya cin ƙashin baya, kuma asalin maganinsa ƙwayoyi ne na watanni da yawa, tiyata sai in ya danne laka ko ya rusa ƙashi.

Waɗanne ayyuka ake yi ta ƙaramin yanka?

Wanda aka fi yi shi ne cire ɓangaren faifan da ya fito, a bar sauran a wurinsa. Sai buɗa wa jijiya hanya ga masu tsukewar ramin baya, ciwon da ya fi kama waɗanda suka manyanta: mutum ya yi 'yar tafiya ƙafafu su yi nauyi su sage, ya zauna ko ya sunkuya ya ji sauƙi, ya tashi abin ya dawo. A nan akan goge ɗan ƙashi da jijiyar ɗauri (mai ɗaure ƙashi da ƙashi) da ta yi kauri, sau da yawa ta gefe ɗaya a buɗe ɓangarorin biyu.

Na uku shi ne haɗe ƙasusuwa biyu su zama ɗaya, idan wani ya zame a kan ɗan'uwansa ko wurin na girgiɗi. Akan cire faifan, a sa ɗan keji cike da garin ƙashi a gurbinsa, a ɗaure da kusoshi da sanduna ta ƙananan huda. Wannan babban aiki ne duk da ƙanƙantar tabonsa. Na huɗu shi ne ɗura simintin ƙashi cikin ƙashin da ya burma saboda rashin ƙwari, dabarar da aka fara a Amiens ta Faransa a 1984. Akwai saɓani a kanta, domin gwaje-gwaje biyu na 2009 ba su ga ta fi aikin bogi ba, shi ya sa likitoci da yawa ke ajiye ta ga sabuwar karaya mai tsananin zafi da ta ƙi jin magani.

Da gaske ta fi buɗaɗɗiyar tiyata?

A kwanakin farko ta fi: jini kaɗan, zafin rauni kaɗan, gajeren zama a asibiti, ƙarancin ruɓewar rauni. Bambancin ya fi fitowa a aikin haɗe ƙashi da kuma ga masu ƙiba, waɗanda buɗaɗɗen aiki ke buƙatar dogon yanka mai zurfi a jikinsu.

Bayan shekara ɗaya ko biyu, sakamakon yakan zo kusan daidai. Wani gwaji na Holan a 2009 kan mutum 328 bai ga aikin bututu ya fi na madubi da aka saba ba. Wani na 2022 kan mutum 613 ya samu cewa aikin endoskop bai gaza na madubin ba wajen kawar da zafin ƙafa, kuma masu shi sun riga tashi da komawa gida. A ganina, gara buɗaɗɗen aiki a hannun likitan da ya goge da shi, da aikin bututu a hannun wanda yake koyo, domin ta ƙaramar kafa abin da ido ke gani kaɗan ne, kuma hannu ba ya sabawa sai bayan ayyuka da dama.

Zan iya shanyewa? Waɗanne haɗurra ke akwai?

Laka tana ƙarewa ne a saitin L1 zuwa L2, wato ƙasusuwan ƙugu biyu na sama. Ayyukan da ake yi a L4-L5 da L5-S1 suna ƙasa da ita, inda jijiyoyi ke shawagi cikin ruwa a cikin jaka, don haka shanyewar ƙafafu gaba ɗaya abu ne mai wuyar faruwa ƙwarai. Abin da ya fi aukuwa shi ne yagewar jakar, ruwan ya ɗiga. Alamarsa ciwon kai da ke tashi idan an zauna, ya lafa idan an kwanta. Akan liƙe ko a ɗinke wurin, a kwantar da mutum kwana ɗaya ko biyu.

Sauran su ne raunin jijiya guda mai barin sagewa ko kasala, taruwar jini a wurin aiki, ƙwayoyin cuta, daskarewar jini a ƙafa, kusa ta kauce hanya, ko ƙashin ya ƙi haɗewa. Aikin da ake bi ta gefen ciki kan bar sagewa a gaban cinya, wadda galibi ke wucewa cikin makonni ko watanni. Kuma likita na iya fara aiki ta bututu ya ga dole ya buɗe. Wannan hankali ne, kada a ɗauke shi kasawa.

Wane shiri zan yi, kuma yaya ranar aikin take?

Taba ce babbar abokiyar gabar wannan aiki: tana hana ƙashi haɗewa, tana jinkirta warkewar rauni, har wasu likitoci ba sa haɗe ƙashi sai an daina ta na makonni. Mai ciwon suga ya daidaita sugansa, mai hawan jini ma haka. Ka lissafa wa likita duk abin da kake sha, musamman magungunan tsinka jini irin su aspirin, warfarin da clopidogrel, kuma kada ka dakatar da su da kanka.

Yawanci akan sa mutum barci gaba ɗaya, a kwantar da shi rubda ciki. Wasu ayyukan endoskop ana yin su da allurar kashe wuri, majiyyaci na farke yana faɗa wa likita in ya ji an taɓa jijiya. Cire faifai kan ɗauki kamar awa ɗaya, haɗe ƙashi awa biyu zuwa huɗu. Da ka farka, abin farko da ma'aikaciyar jinya za ta ce maka shi ne ka motsa yatsun ƙafarka, ka ɗaga su sama, ka danna tafin hannunta.

Yaushe zan tashi, yaushe zan koma aiki?

Akan tayar da mutum ya taka a ranar ko washegari. Mai cire faifai yakan koma gida a ranar ko bayan kwana ɗaya, mai haɗe ƙashi bayan kwana biyu zuwa huɗu. Tafiya ita ce atisayen farko: gajeriya, sau da yawa a yini. A makonnin farko a guji ɗaukar kaya masu nauyi, sunkuyawa da murɗa jiki, da dogon zama wuri ɗaya. Wajen tashi daga gado, a juya gefe gaba ɗaya, a sauke ƙafafu, a tura jiki sama da hannu.

Mai aikin zaune yakan koma cikin mako 2 zuwa 4, mai aikin ƙarfi mako 6 zuwa 12. Idan haɗe ƙashi aka yi, lissafin ya koma na watanni, domin ƙashin na buƙatar wata 6 zuwa 12 kafin ya kama sosai. Tuƙi sai an daina shan maganin zafi mai sa maye kuma ƙafa na iya taka birki da sauri. Kwanciyar aure akan dawo da ita bayan 'yan makonni, a yanayin da ba ya lanƙwasa baya. Tarkon ƙaramin yanka shi ne mutum ya ga tabon ya rufe cikin kwana goma ya zaci ciki ma ya warke, ya koma ɗaukar kaya.

Ciwon zai iya dawowa?

Zai iya. Tsagar da ke zoben faifan tana nan bayan aiki, kuma kusan mutum 5 zuwa 15 cikin 100 sukan sake samun fitowar faifai a wurin, musamman masu shan taba da masu babbar tsaga. Zafi ne ke fara tafiya, ƙarfi ya biyo baya, sagewa ce ta ƙarshe, kuma jijiyar da ta daɗe a danne tana iya barin ɗan sagewa na dindindin. Ga waɗanda aka haɗe wa ƙashi, gaɓar da ke sama ko ƙasa da wurin tana ɗaukar ƙarin nauyi, tana iya gajiya bayan shekaru.

Kusoshin da aka sa za su zauna a jikina har abada?

Galibi haka ne, ba a cire su sai sun dami mutum. Yawancinsu na ƙarfen titaniyam ne, ba ya tsatsa, kuma ana iya yin MRI da shi, sai dai a sanar da masu hoton tukuna. Aikin kusoshin riƙe wurin ne har ƙashi ya haɗe. In bai haɗe ba, a nan ne suke sassautawa ko su karye, dalilin da ya sa aka matsa a kan maganar taba a tambayar shiri.

Ina ganin tallar tiyatar lesa da ta mutum-mutumi. Sun fi kyau?

An fara ƙona cikin faifai da hasken lesa tun 1986, kuma har yau bai nuna ya fi cire faifan da hannu ba. Ba ya gyara tsukewar ƙashi ko zamewarsa. Mutum-mutumin inji kuwa ba shi ke yin aikin ba: yana riƙe wa likita saiti ne wajen dasa kusoshi bisa hoton da aka ɗauka, kuma a nan yana taimakawa. Duk tallar da ta yi alkawarin warkar da kowane ciwon baya cikin rabin awa, a yi kaffa-kaffa da ita, a koma a karanta amsar ciwon baya zalla a sama.

Wa wannan hanya ba ta dace da shi ba?

Mai babban karkacewar baya, mai matsala a gaɓoɓi da yawa lokaci guda, wasu masu ƙari ko ruɓewa mai faɗi, da wanda tabon tsohon aiki ya cushe masa wurin, sau da yawa buɗewa ta fi musu aminci. Rashin ƙwarin ƙashi mai tsanani na hana kusoshi kamawa, sai an fara jinyarsa. Tsufa shi kaɗai ba ya hanawa: lafiyar zuciya, huhu da ƙoda ake dubawa.

Me zan tambayi likitan kafin in sa hannu?

Ka ce ya nuna maka a hoton wace jijiya ce aka danne, ya bayyana yadda ta dace da inda kake jin zafi. Ka tambaye shi wane ciwo aikin zai ɗauke, na ƙafa ko na baya, da abin da zai faru in ka ƙara jiran wata uku. Ka tambayi sau nawa ya yi irin wannan aikin ta wannan hanyar, sau nawa ya koma ya buɗe, da wanda za ka kira in rauni ya fara zubar da ruwa ko zazzaɓi ya taso bayan ka koma gida. In haɗe ƙashi ya ce, ka nemi dalilin da buɗa wa jijiya hanya kaɗai ba za ta isa ba.

Ka je da wani naka da zai riƙa rubuta amsoshin, domin mai jin zafi ba ya riƙe rabin abin da aka faɗa masa. In babu alamar gaggawa, ka ɗauki hotunanka da takardunka ka kai wa likita na biyu ya duba kafin a sa ranar aiki.